In ka zo Kumasi, gida za ka sauka

Ɗana, saƙonka ya iso, har na karanta wa mutanen gida bayan sallar isha'i. Ka ce ku uku za ku taso daga Kano da mota bayan Babbar Sallah don ku ga ƙasar Gana, ka ce in nema muku otal mai sauƙin kuɗi, sannan ka tambaya ko da gaske ne mu nan muna kwana a gidan mutumin da ba mu taɓa gani ba. Da gaske ne. Maganar otal kuwa, innarka ta ce in gaya maka kada ta ƙara jin ta a bakinka.

Sai ka san abin da ya kafa mu a nan kafin ka gane dalili. Unguwanninmu, Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi, Nima da Mamobi a Akara, duk zango ake ce musu, wato inda ayari yake yada kaya ya huta. Kakanninmu fatake ne. Sukan yi watanni a hanya da jakuna, su kawo kanwa da fata da tufafi zuwa Gwanja, su koma da goron dajin Tonawa, wato mutanen Asante. Falke in ya isa Salaga, garin kasuwar Gwanja, ba shi da kowa sai maigidansa. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani, a ƙarshe ya karɓi la'adarsa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, goro ya daina isa Salaga kamar da, ciniki ya koma Kintampo, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa sauran jama'a. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, a Kete Krachi ya zauna har ya rasu a 1934. Duk inda mutanenmu suka sauka sun tafi da wannan al'ada ta maigida da baƙonsa, kuma ita muka gada. Kakana ma a gidan wani ya fara kwana a garin nan.

Ga hanyar da nake so mu bi, don da ni za a tafi. Daga Kumasi mu yi arewa ta Techiman, inda za ka ga tulin doya ya fi mutum tsayi, mu tsaya a Kintampo. Akwai ruwa da ke zubowa daga kan dutse hawa-hawa a cikin kurmi. Sai an sauka matakala masu yawa kafin a kai gindinsa, kuma tun daga nesa feshinsa zai jiƙa maka riga. Daga nan za ka lura daji yana raguwa, manyan itatuwa suna ba kaɗanya da kuka wuri, har mu haye gadar Buipe ka fara jin iskar gida. A Fufulso za mu karkata yamma zuwa Damongo da Larabanga, ka ga tsohon masallaci ginin ƙasa, fari fat, da itatuwa sun leƙo daga jikin bangonsa. Mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. Dajin Mole yana kusa. Da sassafe ake fita a ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, kuma lokacin rani giwaye sukan zo tafki shan ruwa. Sai Tamale, sai Salaga. Can ina so ka tsaya ka dubi rijiyoyin garin da filin tsohuwar kasuwar bayi, ka san cewa ba goro kaɗai aka yi cinikinsa a can ba, kuma akwai hannun mutanenmu a ciki. Mu haye tafkin Volta a jirgin fito daga Makango zuwa Yeji, mu dawo ta Atebubu da Ejura da duwatsun Mampong.

A duk garuruwan nan akwai zango, a kowane zango kuma akwai masauki. Shekaru kaɗan da suka wuce jirgin fito ya tsere mana, dare ya yi mana a gefen Salaga, ni da direba, ba mu san kowa ba. Muka shiga masallaci muka yi isha'i. Ana sallamewa liman ya juyo ya ce, "Baƙi ne?" Kafin in rufe baki wani dattijo ya riga ya ɗauki jakata. Ya kai mu gidansa, yaro ya kawo bokitin ruwan zafi, aka ajiye mana tuwon zafi da miyar ayoyo, wadda ku kuke ce wa lalo. Bai tambayi sunana ba sai da na wanke hannu. Da asuba na fito alwala, na tarar da shi kwance kan tabarma a baranda. Ashe ɗakinsa ya ba mu. Har yau in ya zo Kumasi sayen kaya a Kejetia, wurina yake sauka.

Amma abin yana da ƙa'ida, kuma nan ne 'yan gida irinku suke yin tuntuɓe. Kada ka ciro kuɗi ka miƙa wa maigida da safe kamar mai biyan haya. Na taɓa kai wani baƙo daga gida wani masauki ya yi haka, na ga fuskar dattijon ta canza, kuma ni na sha kunyar. Tsaraba ake bayarwa tun isowa: hula, turare, dabino, yadi. Goro kam bar shi, nan ne gidansa. In za ku tafi, a aika wa uwargida wani abu ta hannun yaro a ce ta sayi sabulu, a ba yara na alewa. In an dafa da kai, kada ka ci a waje ba ka faɗa ba. In maigida ya ce ku je ku gai da Sarkin Zango, tashi ku tafi, don ta haka unguwa take sanin kana hannun wane. Bayan kwana uku ka daina zama baƙo, sai ka ɗauki tsintsiya ko ka ɗauki jakarka.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Za ka ji an ce "yarinya ya zo", za ka ji Hausa ta gauraya da Turanci da yaren Tonawa. Kada ka yi dariya, kada kuma ka gyara wa kowa. Wanda zai sauke ka wataƙila Bazabarme ne, ko ɗan Mosi, ko Dagomba, ko Kotokoli, ko Wangara, kuma Hausar nan ce ta haɗa mu duka muka zama 'yan zango. Da ita ake wa'azi, da ita ake ɗaurin aure, da ita ake raka gawa. Za ka kuma ga gida ɗaya Musulmi da Kirista suna girki a tsakar gida guda. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya je cocin Katolika a Akara a 2019, shekarar da ya cika ɗari. In mun shiga taron Tonawa, daga dama ake fara gaisuwa, kuma ba a miƙa komai da hagu.

Ku zo da fasfo da katin rigakafin shawara da takardun mota cikakku, don daga Seme zuwa Aflao iyakoki uku za ku tsallaka. Ka sanar da ni ranar da za ku taso in sa a share ɗakin zaure. Innarka ta ce daddawar Kano da kuka da yajin daddawa, in babu su a mota, kada ku yi sallama.