Haƙar kirifto: waya, inji da kuɗin wuta

Saƙonnin wannan makon sun fi karkata ga haƙar kuɗin intanet, wato kirifto, wadda matasa ke kira mainin, kuma yawancinsu daga Zamfara suka fito. Ban yi mamaki ba, domin jihar da ta san haƙar zinare ba za ta ji an ambaci haƙa ta kasa ɗaga kunne ba. Na zaɓi guda huɗu.

Tambaya daga Ƙauran Namoda: Malam, na shafe watanni ina danna waya a Telegram da sunan mainin, amma da ta fashe, wato aka raba sulallan aka fara sayar da su, abin da na samu bai kai kuɗin datar da na ƙona ba. Shin wannan ce haƙar da ake cewa ana arziki da ita a ƙasashen waje?

Amsa: A'a ɗan'uwa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Bitcoin, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2009, littafin lissafi ne da babu wani banki da ke riƙe da shi, kuma kusan duk bayan minti goma ake rufe shafi ɗaya na cinikin da jama'a suka yi. Injuna a faɗin duniya suna gasar canki-canka, kowane yana gwada lambobi tiriliyoyi a cikin daƙiƙa guda, wanda ya fara dacewa da lambar da ake nema shi ne zai rufe shafin ya karɓi lada. Wannan gasar ita ce haƙa. Ladan ya fara ne da bitcoin 50, ana rage shi da rabi duk bayan kimanin shekara huɗu, har ya dawo 3.125 a watan Afrilun 2024, kuma jimillar da za a taɓa haƙowa ba za ta wuce miliyan 21 ba. Bugu da ƙari, duk bayan kusan mako biyu tsarin yakan ƙara wa lissafin wuya idan injuna sun ƙaru, saboda haka wayarka ba ta da wurin tsayawa a wannan fage, ko kwamfutar ofis ma an daɗe da barin ta a baya.

Abin da 'yan baiwa, wato masu danna waya irinka, suke yi a manhajojin Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat wasa ne na tara jama'a. Waɗanda suka kafa wasan sun riga sun ƙirƙiri sulallansu, suna raba wani kaso ga waɗanda suka kawo musu mutane suka kalli tallace-tallacensu. Notcoin ta fashe a watan Mayun 2024 wasu suka samu abin kirki, labari ya bazu, kowa ya ruga. Da Hamster ta zo a watan Satumba, masu jiran rabo sun yi yawan da kason kowa ya zama ɗan tsiririt. Idan za ka ci gaba, ɗauke shi a matsayin wasa, kada ka biya ko sisi, kuma kada ka ba kowa BVN ɗinka ko kalmomin sirrin asusunka.

Tambaya daga Gusau: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina da ɗan jari da sola a shagona. An ce in sayi injin haƙa na gaske daga Dubai. Mene ne shawararka?

Amsa: Alhaji, kafin ka tambayi kuɗin inji, fara tambayar kuɗin wuta, domin wannan sana'a gaba ɗayanta cinikin wutar lantarki ne da aka saka wa rigar kwamfuta. Ɗauki Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain, wanda ya yi tashe a shekarun baya: yana jan kimanin wat 3,250, ba dare ba rana, wato yunit 78 a kullum. Tun bayan ƙarin da aka yi wa masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, yunit ɗaya ya haura naira 200, ka ga inji ɗaya zai ci kusan naira dubu 16 a rana, kusan rabin miliyan a wata. Manyan masu haƙa a duniya suna neman wutar da ba ta wuce kimanin senti 5 na dalar Amurka a kan yunit ba, tamu kuwa ta ninka haka fiye da sau biyu, kuma da waɗannan mutane za ka yi gasa a kan lada ɗaya. Maganar janareta da dizal ma ba ta taso ba.

Sola ta fi kama da mafita, sai dai lissafinta ma yana da nauyi. Faifan sola mai wat 500 yakan ba da kimanin yunit biyu da rabi a rana, saboda haka kana bukatar faifai sama da 30 domin inji ɗaya tak, ga batura masu yawa da za su riƙe shi daga magariba zuwa hantsi. Idan ka ce da rana kawai zai yi aiki, to ya kwana yana tsufa ba tare da ya samar da komai ba, alhali sababbin injuna masu ƙarancin cin wuta suna fitowa kowace shekara suna rage darajar naka. Sannan akwai yanayinmu: zafin bazara da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ke toshe fankoki, da ƙarar injin, wadda maƙwabtanka a kasuwa ba za su jure ba. A ganina, wannan solar da baturan idan ka juya su ga firiza ta ƙanƙara ko cajin waya, za ka fi saurin ganin uwar kuɗinka.

Tambaya daga Talata Mafara: Malam, ƙanena ya shiga wata manhaja da ke cewa a biya naira dubu 50 a yi hayar inji a ƙasar waje, riba na shigowa kullum, in ka kawo mutum kuma a ba ka kamasho. Yana so in saka kuɗin adashena.

Amsa: Malama, riƙe adashenki. Mai haƙa na gaskiya ba zai iya yi miki alkawarin ƙayyadaddiyar riba ba, tunda shi kansa abin da yake samu yana hawa da sauka tare da farashin bitcoin, kuma ba ya bukatar ki kawo masa maƙwabta kafin injinsa ya juya. Inda aka haɗa riba tabbatacciya da kamashon kawo mutane, kuɗin na baya ake biyan na gaba, kamar yadda aka gani a MMM a 2016 da CBEX a watan Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta kuma tanadi ɗauri ga masu gudanar da shi. Ki ce wa ƙanenki ya cire abin da zai iya cirewa tun ƙofar tana buɗe.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau: Na karanta cewa Habasha tana samun dala daga masu haƙa. Me zai hana Zamfara ta yi haka, kuma wace irin doka ta dace?

Amsa: Gaskiya ne Habasha tana samu, amma dubi abin da take sayarwa. Ta gina babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu, ta samu wutar da layukanta ba su kai ga raba wa jama'a duka ba, sai ta sayar wa masu haƙa rarar da kuɗin waje. Haka Butan ta yi da wutar kogunanta, haka gandun dajin Birunga na Kongo ya yi. Duk inda abin ya yi amfani, rarar wuta ce ta fara samuwa. Kazakistan kuwa ta buɗe ƙofa ga masu haƙar da Sin ta kora a 2021 ba tare da shiri ba, wuta ta yi ƙaranci, har a farkon 2022 aka yanke musu layi, aka kuma ɗora musu haraji a kan kowane yunit.

Mu ba mu da rara. 'Yar tashar wutar da aka tsara a madatsar Bakolori megawat uku ce, kuma ko da tana aiki gadan-gadan, injunan haƙa da ba su kai dubu ɗaya ba za su shanye ta, alhali injin casar shinkafa da famfunan ban ruwa sun fi ɗaukar ma'aikata nesa ba kusa ba. Gidan haƙa mai dubban injuna mutane ƙalilan ne ke kula da shi. Mai zuba jari kuma zai tuna cewa a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni saboda tsaro, kuma injin da ba ya kan intanet ƙarfe ne kawai. Damar da nake gani ƙarama ce: ƙaramar tashar sola ta ƙauye, wadda wutarta ke zubewa a banza da tsakar rana, tana iya sayar wa 'yan injuna wannan rarar domin ta rage wa mutanen gari farashi, kamar yadda kamfanin Gridless ya gwada da ƙananan tashoshin ruwa a Kenya da Malawi.

Game da doka, tarihin zinarenmu ya isa darasi. An bar haƙa babu sa ido har gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, daga baya Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar baki ɗaya a jihar a 2019, kuma kowa ya san ramukan ba su rufe ba, sai dai harkar ta koma hannun da hukuma ba ta gani. Babban Bankin Najeriya ya bi irin wannan hanya a watan Fabrairun 2021 da ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, ciniki ya koma tsakanin mutum da mutum, sai a Disambar 2023 ya janye. Yanzu hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ce ke da alhakin kula da kadarorin intanet, kuma duk wanda zai karɓi kuɗin jama'a da sunan haƙa ya kamata ya bi ta ƙofarta.

Rabon jiha yana wajen wuta, domin Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Shawarata ita ce duk mai injuna da suka wuce wani ƙayyadadden ƙarfi ya yi rajista, a saka masa mita ta daban, ya biya cikakken farashi ba mai tallafi ba, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa shi za a fara kashewa idan wuta ta yi ƙaranci, tsarin da ake bi da yawancin manyan masu haƙa a Tekzas ta Amurka. A hana kafa su a tsakiyar unguwa ko a kan taransifomar da ke ba asibiti wuta, a kuma wajabta wa mai su kwashe matattun injunansa, kada su ƙare a hannun yaran da ke ƙona wayoyi a bola domin cire jan ƙarfe.