Tambaya da Amsa: Shin mutum zai iya tara ƙasusuwan dainoso?

Tambaya: Na ga ana tallar haƙoran dainoso masu cin nama a intanet, wasu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma na ji cewa a yankin Agadez akwai inda ƙasusuwansu suke kwance a fili. Shin na gaske ake sayarwa, kuma ya halatta mutum ya tara nasa? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malam, abin da ka ji game da Agadez gaskiya ne. A Gadoufaoua da ke hamadar Tenere, ayarin masanin nan ɗan Amurka Paul Sereno ya haƙo Suchomimus a 1997, dabba mai tsawon kusan mita 11 da dogon baki irin na kada, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Kafin nan, a 1993, sun samo wani dainoso mai cin nama da ake kira Afrovenator a kusa da Ingal.

Yawancin haƙoran da ka gani daga yankin Kem Kem na kudu maso gabashin Maroko suke fitowa, kuma da yawansu na gaske ne. Dalilin araharsu shi ne waɗannan dabbobi sun yi ta zubar da haƙora suna fitar da sababbi tsawon rayuwarsu, don haka haƙori ya fi kowane ƙashi yawa a ƙasa. Na dainoson da ake kira Spinosaurus mulmulalle ne mai tsini, na wanda ake kira Carcharodontosaurus kuwa faffaɗa ne mai gefuna biyu da ƙananan tsage-tsage. Sai dai akwai algus a wannan kasuwa, domin wasu dillalai sukan haɗa ɓarɓashin haƙora biyu ko uku da gam, su shafe mahaɗar da yashi, haƙorin ya ƙara tsawo, kuɗinsa ya ƙaru.

Batun halacci kuwa ya danganta da ƙasar da aka haƙo abin. A Amurka, abin da aka samu a filin mutum nasa ne, shi ya sa aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin Tyrannosaurus da ake kira Sue a kan fiye da dala miliyan 8 a 1997, wani mai suna Stan kuma ya kai dala miliyan 31.8 a 2020. Mongoliya ta haramta fitar da irin waɗannan kaya. Da aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani dainoso mai suna Tarbosaurus da aka fitar daga ƙasar a New York a 2012, gwamnatinta ta tashi tsaye har aka mayar mata da shi a 2013, dillalin da ya shigo da shi kuma ya sha ɗauri. A Nijar ma masu bincike da izinin hukuma suke haƙa, saboda ana ɗaukar ƙasusuwan a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Ko da babu doka, ba zan ba ka shawarar ɗaukar ƙashi daga makwancinsa ba. Masani yana gane shekarun dabba da irin muhallin da ta zauna ne daga dutsen da ya binne ta da kuma yadda gaɓoɓinta suka jeru, kuma da zarar an cire ƙashi ɗaya an kai kasuwa, wannan bayani ya salwanta. Ga shi kuma ƙashin da rana da iska suka daɗe suna duka yakan farfashe a hannu. Shi ya sa ƙwararru suke fara zana taswirar wurin, su ɗiga wa ƙashin gam mai ruwa ya tsotse, sannan su naɗe shi tare da dutsen da ke kewaye da shi cikin tsumman buhu da aka jiƙa da filasta, irin wadda ake ɗaurin karaya da ita a asibiti, kafin a ɗaga.

Idan Allah ya sa ka ci karo da irinsa, ka ɗauki hoto tare da ajiye wani abu a gefe don a gane girmansa, ka adana alamar wurin a wayarka, sannan ka sanar da hukumomin yankin ko Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, inda ake baje kolin ƙwarangwal ɗin dainoso ga jama'a.