Tambaya da Amsa: Ina Haddace Kalmomin Turanci, Amma Ba Sa Zama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin shiga jami'a. Kullum da safe nakan kwafi kalmomi ashirin daga ƙamus tare da ma'anarsu da Hausa. Na fara daga harafin A, yanzu ina C, amma bayan mako guda sai in ga duk sun gudu. Abin da ya fi ba ni haushi, sai in ɗauki jarida, in san kowace kalma da ke cikin jumla, amma in kasa gane abin da jumlar take nufi. Malam, ko kaina ne ba ya ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kanki lafiyarsa ƙalau, hanyar da kika bi ce mai wahala.

An tsara ƙamus ne don a nemo kalma da sauri, ba ruwansa da wadda ta fi amfani. Tun a shafin farko za ki ci karo da "aardvark", wato dabgi, wanda sai ki yi shekaru ba ki gan shi a jarida ba, alhali "take" da "would" da "which" suna can ƙarshe suna jiranki. A 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su, kuma irin waɗannan su ne kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Da su za ki fara. Akwai jerin Oxford 3000 a intanet kyauta, sannan tunda jami'a kika nufa, ki nemi jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 da suka cika littattafan ilimi. Dangi a nan shi ne kamar "decide" da "decision" da "decisive", kin kama ɗaya, sauran sun zo da sauƙi.

Maganar jumlar da kike kasa ganewa kuwa, a nan gizo ke saƙar. Ki ɗauka wani baƙo yana koyon Hausa, ya rubuta a littafinsa cewa "ci" shi ne sa abu a baki a haɗiye. Sai ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, jiya kasuwa ta ci. Ya san kalmar, amma an bar shi a baya. Haka Turanci yake. Kin san "give", kin san "up", amma "give up" dainawa ce ko sallamawa. "Look after" kulawa ce da wani, "put up with" kuma jurewa. Ma'anar ba ta cikin kowace ɗaya, sai sun haɗu take fitowa.

Akwai kuma kalmomin da ba sa tafiya sai da abokansu. Na sha ganin ɗalibaina sun rubuta "do a mistake", domin mu "yi" ɗaya gare mu, ita ke yin aiki, ita ke yin kuskure. Bature ya raba su: "make a mistake", amma "do your homework". Babu wata doka da za ta fitar da ke a nan, sai yawan gani. Saboda haka daga yau kada ki ƙara rubuta kalma ita kaɗai. Ki kwafi jumlar da kika tsince ta a ciki, ki ja layi a ƙarƙashinta, sannan ki ƙirƙiro taki jumlar a kan wani abu da ya shafe ki. Ƙamus na Turanci zuwa Turanci da aka yi don masu koyo zai taimake ki sosai. Na Longman, alal misali, da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi yake yin dukkan bayaninsa, kuma yana kawo misalai.

Mantuwa kuma ba a kanki aka fara ba. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a farko-farko, in ba a waiwaye shi ba. Ki rage ashirin ɗin nan zuwa bakwai. Ki duba su gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Kuma ki rufe ma'anar da hannu ki yi ƙoƙarin tunowa kafin ki leƙa, don kallon shafi kawai yaudarar kai ne. Manhajar Anki tana tsara wannan maimaicin a waya.

Jaridar ma ki ɗan sassauta mata. Paul Nation, masani a wannan fanni, ya ƙiyasta cewa sai mutum ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, kuma ga jarida ko littafin labari hakan na buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Kafin ki kai can, ki nemi ƙananan littattafan labarai da aka sauƙaƙa mataki-mataki don masu koyo. In kin buɗe shafi kika ga baƙin kalmomi a kusan kowane layi, ki ajiye shi ki ɗauki na matakin da ke ƙasa.