Tsarin keto da jikin da ba kowane abinci yake karɓa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata biyu ke nan na bar tuwo da shinkafa da burodi, ina bin tsarin keto, wato rage sitaci da sukari sosai a dogara da maiƙo. Ƙiba ta fara sauka, amma cikina ya ƙi zama lafiya: kumburi, ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Kullum da safe ina shan shayi da madarar gwangwani mai yawa don in ƙoshi. Wata mai sayar da kaya ta ce in koma madarar almon ta kwali, kuɗinta kuwa ya kai cefanen kwana biyu. In saya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Riƙe kuɗinki tukuna, sai mun gano mai laifin. Abin da kika lissafa ya yi kama da na wanda cikinsa ba ya narkar da laktos, wato sukarin da ke cikin madara. Ba ke kaɗai ba ce, kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, duk da cewa Fulani makiyaya da yawa sun gaji iya narkar da shi har tsufa. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da laktos kamar giram 12. Ta gwangwani kuma an ƙone fiye da rabin ruwanta, don haka nata ya ninka. Mai bin keto bai wuce giram 20 zuwa 50 na sitaci da sukari a yini, kin ga shayin nan naki yana cinye rabon tun kafin hantsi.

Ki ajiye duk wani abu na madara mako biyu cur. Idan ciki ya kwanta, sai ki riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku tsakani, kina rubutawa a ɗan littafi: abin da kika ci, ƙarfe nawa, me ya biyo baya. Fara da man shanu da aka soya aka tace, shi kusan babu laktos a cikinsa. Sai kindirmo rabin kofi marar sukari, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare. Cukun Turawa mai tauri irin Cheddar ya fi namu ɗanye sauƙi a ciki. Mutane da yawa suna tarar da cewa ƙarami ba ya damun su, yawan ne matsalar.

Madarar almon ta kwali mafi yawanta ruwa ce, wasu ma da sukari. Kwakwa ɗaya ta kasuwa, ki goge, ki zuba ruwan ɗumi, ki matse a tsumma mai tsabta, kin samu madarar shayi mai maiƙo. Abin da nake jin tsoro ga mai barin madara shi ne ƙashi ya rasa kalsiyam, don haka ki riƙe kifin gwangwani da ƙayarsa, da zogale, da miyar kuka.

Tambaya: Malama, tun ina yaro idan na ci gyaɗa leɓena yana kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Yanzu ina son rage tumbi, an ce in dogara da nama. Tsire da kilishi sun wadatar? Kuma in sayi almon ko kashu a madadin gyaɗa? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Malam, taka ta fi ta 'yar uwarmu ta sama nauyi, ina roƙonka kada ka gwada komai a gida. Nata ciki ne ya kasa narkarwa, naka garkuwar jiki ce take ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba, kuma ɗan ƙanƙani ya isa ya tayar da ita. Kumburin leɓe na yau yana iya zama toshewar maƙogwaro gobe. Duk ranar da numfashi ya fara sarƙewa ko murya ta dushe, asibiti kai tsaye, allurar adiranalin ce maganinsa.

Tsire da kilishi kuwa nan gyaɗar take ɓoye. Garin ƙuli-ƙuli ne jikin tsire, labun kilishi tunkuza ce, yajin da ake barbaɗawa ma sau da yawa da ƙuli a ciki. Ko balangu ka ce a yanka maka, duba wuƙar da katakon: su ne aka gama yanka tsire da su yanzun nan. Haka kwaɗon zogale da na rama, da miyar taushe, da man gyaɗa na gida wanda ba a tace shi a masana'anta ba. Ka sayi ɗanyen namanka a gasa a gida, da yajin da aka daka a turmi mai tsabta, citta da barkono da masoro da kanumfari. Maiƙo ba zai yanke maka ba: manja, man shanu, man zaitun, man kwakwa, kitsen naman kansa, ga ƙwai da kifi.

Gyaɗa dangin wake ce, almon da kashu 'ya'yan itace ne, amma akwai waɗanda duka biyun suke tayar musu. Sai likita ya yi maka gwaji. Kashu ma bai dace da tsarin keto ba, giram 100 nasa yana da sitaci da sukari kusan giram 30. Riɗi shi ma kada ka ɗauke shi lafiyayye kai tsaye, tun 2023 Amurka ta sa shi cikin abinci tara da dole a rubuta a jikin kwali saboda irin wannan matsala.

Tambaya: Anti, ina da ciwon sukari. Na sayi alewa da biskit masu rubutun babu sukari, sai gudawa. Jabu aka sayar min? Daga wata malamar makaranta a Kumasi.

Amsa: Da wuya a ce jabu ne, Malama. Juya kwalin ki karanta, za ki ga maltitol ko sobitol, abubuwan zaƙi da ake sawa a madadin sukari. Hanji ba ya tsotse su duka, sai su jawo ruwa su tsinka ciki, kuma maltitol yana ɗaga sukarin jini duk da rubutun. Ki bar su, asarar kuɗi ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganinki, idan kina tunanin bin tsarin keto. Wannan tsari a asibitin Mayo na Amurka aka fito da shi a 1921 don masu farfaɗiya, likitoci suna sa ido a kansu. Idan kina allurar insulin ko shan gilibenkilamaid kika yanke tuwo rana ɗaya, sukari yana iya faɗuwa har ki suma. Masu shan empagliflozin da danginsa kuma jininsu yana iya yin tsami mai haɗari ko da ma'auni bai nuna sukari ya hau ba. Ki ɗauki kwalayen maganinki da littafin awonki ki kai wa likitanki, a daidaita adadin kafin ki rage ko loma ɗaya.