Tambaya da Amsa: Wace BUK Za Ki?

Tambaya: Anti, na samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, wato BUK, kuma ban taɓa zuwa Kano ba. Daga Katsina zan taso. Yaya zan yi kada in ɓace?

Amsa: Barka da arziki, ƙanwata. Ki fara sanin cewa mazaunin jami'ar ba ɗaya ba ne. Tsohon yana kusa da Kabuga, gefen ganuwa, sabon kuma yana kan titin Gwarzo, gaba da Rijiyar Zaki. Ni ranar farko "BUK" kawai na ce wa ɗan adaidaita sahu, ya ajiye ni a tsohon, alhali rajistata na can sabon. Sai da na yi ta bulayi da jaka a ka har azahar.

Motar Katsina galibi a Ƙofar Ruwa take saukewa. Daga nan ki nemi Kabuga, ki yi ciniki kafin ki hau, ki riƙe canji a hannu. A ciki kuma, sabon mazaunin faɗi ne da shi, kada ki je da takalmi mai tsini. Ki tambayi masu gadin ƙofa sunan tsangayarki, sun fi sababbin ɗalibai irinki sanin hanya.