Addu'ar iyali da ba ta wuce mako biyu

'Yar'uwa, kin ce kukan fara addu'ar iyali da zafi, bayan mako biyu ta mutu. Galibi tsawo ne ke kashe ta. Minti 15 ya isa: waƙa ɗaya, karatun Littafi Mai Tsarki, addu'a.

Ku ɗaura ta a jikin abin da ba ya tsallake rana, kamar tuwon dare. Da an kwashe kwanuka, kowa ya zauna a tabarmarsa, kafin yara su fara gyangyaɗi. Asuba ba ta riƙuwa a gidan da ake sammakon gona ko ɗiban ruwa.

Wajen karatu ne ake yawan tuntuɓe. Akan fara daga Littafin Farawa, a ji daɗin labarin Yusufu, a isa Littafin Firistoci, sai dokokin hadaya su gajiyar da kowa. Ku fara da Bishara ta hannun Markus, sura 16 ce kacal, aya goma zuwa goma sha biyar kowace rana. Bayanta Karin Magana, mai sura 31, sura ɗaya a rana, daidai wata guda.

Kada maigida ya mayar da zaman wa'azi, balle wurin tsawata wa yara. Yaro ya karanta, a yi tambaya ɗaya, a ambaci marasa lafiya da sunayensu. Ranar da aka tsallake, ba a ramawa, a ɗora daga inda aka tsaya.