Hadarin da ke tashi daga Cadi ya sauka a Amurka

Malam, ka tambaya daga Katsina ko mu Hausawan Njamaina da maƙwabciyarta Kusiri ta Kamaru muna shan irin mahaukaciyar guguwar da ke rusa gidaje a Amurka. Ba ta zuwa nan, don ba ta rayuwa sai a kan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko fiye. Amma manyansu da yawa a samanmu suke somawa.

Da damina, zafin Sahara da damshin kudu kan tayar da iska mai ƙarfi can sama, mai nufar yamma. Duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai ta lanƙwasa, hadari ya haɗu tun daga Darfur da gabashin Cadi, ya bi ta kanmu, ya bi ta kanku, ya faɗa tekun Atilantika ta gaɓar Senegal. Ana samun irin wannan kusan 60 a shekara, yawanci kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ce ke shaƙe su. Wanda ya tsira ya wuce tsibiran Cape Verde sai ya fara juyi. Iskarsa ta kai kilomita 63 a awa, a raɗa masa suna. Ta kai 119, ya zama mahaukaciyar guguwa, kamar Irma ta 2017. Lokacin irin wannan guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani wajen 10 ga Satumba.

Mu nan rufi muke fara gyarawa, tun kafin ruwan fari. Jar ƙura kan taso daga gabas ta riga ruwa isowa, kuma ta gefen gabas kwano ke fara yayewa. Saboda haka magini kan dasa rodi mai milimita 6 cikin bango, ya naɗe katakon rufi da shi. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta. Wanda ya buga a kwarinsa ya sayi yoyo. Bakin kwano kada ya leƙo da yawa, nan iska ke samun abin kamawa. Masu ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi suna ba ni tsoro, domin in rufin ya tashi, a kan maƙwabci suke sauka.

Inda muka bambanta da ku shi ne kogi. Ruwan kogunan Shari da Logon daga Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa yake gangarowa, sai Oktoba zuwa Nuwamba yake cika, bayan sama ta ɗauke. Baƙo ya ɗauka an tsira, mu kuwa lokacin muke cika buhunan yashi, mu ɗaga dakalin ƙofa, mu ɗora hatsi a kan bulo. Haka ruwa ya shanye unguwar Waliya ta Njamaina a Oktoban 2022. Masai in ya cika ya kwarara rijiya, kwalara ke biyo baya, don haka ruwan sha sai an tafasa. Da ruwa ya janye, manoma su shiga firgi, wato baƙar ƙasar laka, da dashen masakwa, dawar rani wadda laimar ƙasa kaɗai ke nunar da ita har girbi wajen Fabrairu.